Kwamfutar Mama Ta Ƙi Barci

Kwana tara da rasuwar Mama, kwamfutar ɗakinta ba ta runtsa ba. Allo a kunne, fanka tana huci kamar mai mura. Yayata, wadda ta yi jinyarta shekara biyu, ta kira ni ta ce in zo in san yadda zan yi da kayana.

Kayana ne kuwa. Da ƙafafun Mama suka daina ɗaukarta, ni sarkin uzuri da ke aiki a nesa, sai na je tsohon gidanmu kafin a rushe shi, na ɗauki bidiyon kowane ɗaki. Na aiko mata da shi haɗe da tabarau ɗin nan mai rufe rabin fuska, wanda in ka sa za ka rantse kana tsaye a wurin. Har yabon kaina na yi. Ban sake zuwa ba sai da aka ce ta cika.

Na kawo mai gyara da hantsi. Ya ɗan daddanna, ya ce, "Ba abin da ya lalace, yallaɓai. Manhajar tabarau ce ta hana ta barci, tana zaton akwai mai kallo." Ya juya tabarau ɗin, ya nuna wata filasta a tsakanin gilasan biyu. "Wa ya liƙa wannan?"

"Ni ce," in ji Yaya. "Ta rame, abin ya yi mata yawa. Da ta motsa sai ya zame, hoto ya ɗauke, ta yi ta kirana. Shi ne na toshe ɗan idon da ke tsakiya."

"Ai shi ke gane an cire. A wajensa har yanzu tana ciki. In na ɓare, bidiyon zai rufe, ya koma farko. In ɓare?"

Na ce ya dakata. Ban ji maganarta ta ƙarshe ba, kuma wannan ne kaɗai ya rage da zai gaya mini inda hankalinta yake. Na yi zaton zan tarar da bidiyon a kicin, ko ɗakin Baba.

Na sa. Soson yana ƙamshin man shafawarta. An tsayar da bidiyon a ɗakin ajiya, wurin da ba kowa ba komai sai fenti mai ɓarewa da tsohon madubi a jingine. A cikin madubin ga ni nan, kyamara a hannu ɗaya, waya a kunne, na haɗe rai, ina sauri in gama in tafi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

Ban iya cirewa ba. Daga ciki na ce, "Yaya, me take kallo a nan?"

Ta matso kusa da ni.

"Kullum nan take cewa in tsayar mata. Nan kaɗai ka fito. Ta ce ko ba ka kallonta, ai ka zo."