Mutum a Ɗakin Dalma

Jiniyar gargaɗi tana cikin kuka Nalini Tambe ta hango mijinta a allon kyamara.

Ta riga ta zagaya ɗakin gwajin mai bangon dalma kamar yadda doka ta ce. Ta danna maɓallin da ke ƙurya, ta ɗaga murya ta tambaya ko akwai kowa, ta fito ta ja ƙatuwar ƙofar ta rufe. Saura jiniyar ta yi shiru a buɗe wa hasken hanya. Hasken eksire ne, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai dai wannan da ke fitowa daga babban injin da suke kira Zobe yana ratsa ƙarfe, kuma ɗan Adam ba ya tsayawa a gabansa ya fita lafiya. Sai ga mijin nata, Sudhakar, ya miƙe daga bayan teburin na'urori, yana gyara zaman tabarau, hankalinsa kwance.

Ta kai wa jan maɓallin tsayar da haske duka da tafin hannu.

Zoben gaba ɗaya ya tsaya. Daga wannan kai na zauren zuwa wancan aka hau buɗe ƙofofi, ana leƙowa, ana tambayar wa ya kashe haske. Hatim Rangwala, jami'in kiyaye haɗurra, ya iso a guje, hularsa a hannu. Ya dubi allon, ya dubi Nalini, ya ce, "Inna lillahi." Shi ya buɗe ƙofar ya kamo hannun Sudhakar.

"Me kuka tsaya yi?" in ji Sudhakar. "Waya ce ta saki a ƙasa, na ɗaure ta. Ku ci gaba mana."

"To, Sahab. Zo ka ɗan zauna tukuna."

Sudhakar ne ya gina wannan layin da ke kawo haske daga Zobe tun yana da baƙin gashi. Shi ya zana ɗakin, shi ya tsara dokar zagayen, shi ya koya wa Hatim inda ake dubawa. Shekara da shekaru shi da Nalini suna bin abu ɗaya: batir mai arha da aka yi da sinadarin gishiri, wanda yake aiki lafiya sannan ya mutu ba dalili. Idan aka fasa shi a duba, an ɓata shaidar. Sudhakar ya dage cewa ciwon ba a tsakiya yake ba, a gefe ne, kusa da inda waya ta shiga, kuma ba za a gane ba sai an leƙa cikinsa yana cikin caji. Tun daminar bara suke jiran a ba su lokaci a Zobe. Yau aka ba su.

Tun daminar baran kuma Nalini take ɓoye wani abu. Da farko inda ya ajiye mabuɗin mota ya fara mantawa, sai sunan surukinsu, sai ranar da ya tsaya a kasuwa da jakar albasa ya rasa hanyar gida. Wani likita a Mumbai ya faɗa mata sunan ciwon, ta naɗe shi ta ajiye a ranta. Ita take amsa wayarsa. A taro ita take ƙarasa masa zance, har abokan aiki suna tsokana wai Farfesa ya yi ritaya daga magana, ya bar wa uwargida.

Hatim ya ja Nalini gefe, bayan tulunan iskar gas. Didi yake kiranta, wato Yaya.

"Didi, kin duba bayan teburin?"

"Na tambaya. Ba wanda ya amsa."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Ta sunkuyar da kai. Ba ta duba ba. Ta bar Sudhakar zaune a kujerarsa yana shan shayi, hankalinta yana kan batir, ba ta ga shigarsa ba.

"Tun yaushe?" Hatim ya tambaya a hankali. Da ta ɗago, sai ya ce, "Haba Didi, ni ma ina da ido. Kwanaki ya kira ni da sunan babana." Ya murza hular. "Ki ji. Zan ce gwiwar hannuna ce ta bugi maɓallin. Duk ginin nan an san ni da garaje, za su yi mini dariya, Darakta ya yi faɗa, shi ke nan. Ke kuma ki riƙa sa ido."

"In na sake ɗauke ido fa?"

Hatim ya mayar da hularsa kai.

"Nan ne kawai wurin da bai taɓa ɓata hanya ba," ta ce. "A gida yana tambayata ina banɗaki. A nan ya san kowane noti. In aka hana shi shigowa, me ya rage masa?"

Hatim ya ce, "Sai bayan azahar haske zai dawo. Ku je ku ci wani abu. Ba zan rubuta komai ba sai kin dawo."

A kanti ta karɓo wa Sudhakar poha, wato dakakkiyar shinkafa, da jalebi mai zaƙi, yadda yake so, da lemon tsami a gefe. Ya ci da daɗi, har yana yi mata ba'a cewa tata pohar ta gida kullum tana kama da jiƙaƙƙiyar jarida. A teburin bayansu wasu ɗalibai ne da suka zo daga Kolkata, waɗanda aikinsu na tun safe ya lalace. Ba su san su ba.

"Wai mutum aka rufe a ɗaki," in ji ɗaya.

"Mutum? Barci yake ko me?"

"Oho. Mu dai an kashe mu. Me zan gaya wa malamina?"

Sudhakar ya ajiye cokali. Ya juya da kujerarsa gaba ɗaya.

"Kai, me ka ce? A wane layi?"

Yaran suka diririce. Shi kuwa ya riga ya miƙe. Nalini ta bi shi tana kiran sunansa, yana tafe yana faɗa, har ofishin Hatim.

"Hatim! Mutum a ɗaki ana jiniya, kana zaune kana shan iska? Abin da na koya maka ke nan?"

Hatim ya miƙe tsaye. "Muna kan bincike, Sahab."

"Binciken me? Wanda ya ji jiniya bai danna maɓallin ciki ba, bai yi ihu ba, ba shi da abin yi a nan. Ko ɗan Darakta ne, a karɓe katinsa na shiga yau. Yau! Ba wai don a hukunta shi ba. Wata rana gawarsa za a fitar, kuma wanda ya rufe ƙofar ba zai sake barci ba har ya mutu. Ka yi tunanin wannan?"

Ya sa hannu a aljihu neman hankici. Abin da ya fito da shi sukundireba ce mai rawaya a ƙota. Kayan aikin ɗakin dalma kaɗai ake shafa wa rawayan fenti, kuma ba a fita da su. Shi ya kafa wannan dokar ma.

Ya daɗe yana kallon sukundirebar. Ya sunkuya ya ga ƙurar da ke gwiwoyin wandonsa. Fanka tana ta juyawa a sama.

"Wa ya rufe ƙofar?" ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba.

"Ni ce," in ji Nalini.

Ya gyaɗa kai. Ya ajiye sukundirebar a kan tebur, ya cire igiyar katin daga wuyansa, ta maƙale a kunnen tabarau, ya warware ta a hankali, ya ɗora a gefe.

"Ka rubuta yadda abin ya faru, Hatim. Kuma ka rubuta sunana daidai, kullum sai ka cinye harafi ɗaya." Ya juya ga matarsa. "Ke kuma me kike jira? An ba mu lokaci. Kar ki bari ya tafi a banza."

Hatim ya raka shi har bencin da ke ƙarƙashin bishiyar dogonyaro, a wajen ƙofar da ake nuna kati, ya ce wa maigadi ya riƙa leƙa shi. Nalini ta je ta faɗa wa Darakta komai da bakinta. An bar ta ta ƙarasa aikin, bisa sharaɗin wani ne zai riƙa yin zagayen. Da haske ya dawo ta sa sabon batir, ta zauna gaban allo, kujerar da ke kusa da ita babu kowa.

Wajen la'asar hoton ya fara fitowa. Batirin yana shan caji, cikinsa yana kumbura yana sacewa, sai wani siririn layi ya bayyana, ya tsage, ya yi reshe. A gefe, kusa da inda waya ta shiga.

Ta buga hoton a takarda ta fita da shi da sauri. Yana nan a benci, ya cire takalma, yana kallon biran da ke tsalle a kan katanga. Ta zauna ta miƙa masa.

Ya matso da takardar kusa da ido, ya bi layin da ɗan yatsa har inda ya yi reshe. Fuskarsa ta washe.

"Kai, wannan ya yi kyau. Yana cikin caji aka ɗauka?"

"Yana ciki."

"A gefe kuwa. Kowa tsakiya zai duba." Ya girgiza kai cikin sha'awa. "Wanda ya yi tunanin duba nan ya san aikinsa. Ɗan wane gari ne?"

Nalini ta sunkuya ta jawo masa takalmansa.

"Ɗan garinku ne," ta ce. "Sa mu tafi gida."