Ranar da Rediyo Ya Yi Shiru

Ba don mugunta ake ce masa Rediyo ba. Mutum ne mai son jama'a, ga shi Allah ya ba shi kai: duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kantarsa a kantin magani, to ya haddace ciwonsa har da na matarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne da wannan haddar yake gaisuwa. Daga tsallaken titi sai ya ɗaga murya ya tambayi direba ko hawan jinin ya sauka. A ganinsa kulawa ce.

Rannan ya tsaya a shagon tela, gaban mata masu kawo ɗinki, ya tambaye shi labarin basir. Tela bai yi wata-wata ba ya kai ƙara wurin mai kantin.

Ita kuwa mai kantin dawowarta ke nan daga taron bita kan dokar kare bayanan mutane. Ta zaunar da shi a ɗakin ajiya, tsakanin kwalayen maganin tari, ta warware masa: sunan mutum, lambar wayarsa, ciwonsa da abin da ya saya, duk na mai su ne. Amana aka ba su don su yi aiki, ba don su raba wa gari ba. Rediyo ya ce shi ai ko taɓa kwamfutar ba ya yi. Ta ce ko ta kwamfuta bayani ya fita ko ta baki, ya dai fita, kuma in aka sake kawo ƙararsa sai ya nemi wani aikin.

Bawan Allah ya sha wuya. Sai ya buɗe baki zai gaishe da mutum, ya tuna, ya ƙare da tambayar zafin rana.

Ana haka sai ga Amarya, matar ɗan yayarsa. Ta jira kantin ya yi sauƙi, ta sayi tsinken gwajin ciki cikin raɗa. Bayan 'yan kwanaki ta dawo da takardar likita ta ƙwayoyin masu juna biyu. Rediyo ya zuba mata a leda cike da murna. Wannan fa ba basir ba ne, albishir ne, kuma na gidansu.

Da yamma Yaya da kanta ta iso, ta ja kujerar masu jira ta zauna daram. An ce mata an ga surukarta a nan. Ta fara da lallami, ta tuna masa ita ta goya shi. Da ta ga bai motsa ba ta koma faɗa.

"Auta, ni za ka ɓoye wa? Me yarinyar nan ta saya?"

Maganar na nan a kan harshensa kamar tafasasshen shayi. Ya dubi ƙofar ɗakin ajiya, ya goge kantar da ba ta da ko ƙura.

"Yaya, abin da mutum ya saya nasa ne. Ki tambaye ta."

"Yau kuma? Kai da ka sanar da duk layinmu ina da ciwon suga?"

Ya ba ta haƙuri a kan sugan, amma bai ƙara ko kalma ba. Ta tashi tana cewa an ɗinke wa ƙaninta baki, kuma kada ya sake ya zo mata cin abinci. Hakan ya yi masa ciwo, don ba wanda ya kai Yaya iya girki.

Washegari Amarya ta leƙo tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce tun jiya Mama, wato Yaya, ke mita a tsakar gida. Sai dariyar ta ɗauke.

"Kawu, wancan karon kowa ya sani da wuri. Da cikin ya zube, duk inda na bi sai an yi mini jaje. Wannan ina so ya yi ƙwari tukuna, in faɗa mata da bakina."

Kunya ta rufe Rediyo. Ya san ta bakin wa kowa ya ji wancan karon. Ita ma ta sani, amma ba ta faɗa ba.

"Allah ya raba lafiya," ya ce, a hankali yadda ko mai jira a bayanta bai ji ba.

Ta amsa da amin, ta gyara mayafinta, ta ce wata mai zuwa ma nan za ta zo sayen maganin.