Namadi Ya Hana A Tona Gonarsa

Damina na gab da faɗuwa Namadi ya dawo Tungar Guru daga asibitin Sakkwato, an goyo shi a babur, hannuwansa duk tabon allura. Ciwon ya faro ne da zazzaɓin da ba ya jin magani, sai dasashinsa ya soma zubar da jini, har ta kai mutumin da ke nome gandu shi kaɗai ya kasa ɗaga tulun ruwa. Likita ya ce sankarar jini ce. Ya ce ana shan magani, ana ƙarin jini, wasu su daɗe, wasu ba sa daɗewa.

"To ai haka kowa yake, likita," in ji Namadi.

Kwana biyu da dawowarsa, ƙanensa Mu'awiya ya shigo zaure da baƙo, wani Alhaji Tasi'u mai sayen duwatsun zinariya. Bayan gaisuwa da ya-jiki, Alhaji ya faɗi abin da ke tafe da shi. Mahaƙansa sun bi jijiyar dutse har ta shige ƙarƙashin gonar Namadi. In zai bari a tona, shi ya ɗauki nauyin asibiti har ƙarshe.

"Yaya, ka dubi jikinka," in ji Mu'awiya. "Bana ko hauya ba ka iya riƙewa. Wanga sauƙi ne Allah Ya kawo."

Namadi ya tuna baya. A shekarar da gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya ta ci yaran garin, shi da kansa yake ɗauko duwatsu a buhu, matarsa Habsu tana daka su a tsakar gida. Ɗiyarsu Surayya tana rarrafe cikin ƙurar. A bayan uwarta ta cika, kan hanyar asibitin Bukkuyum, jikinta na ta fizga.

"Alhaji, ka ga rijiyar da ke gindin gonar?" in ji shi. "Ita unguwar nan duka ke sha. Ba a tonawa."

"Allah fa Ya ce a nemi magani, Yaya!"

"Ina nema. Wa ya ce maka mutuwa nake so? Amma ba da ɗiyan mutane zan sayi kwanana ba."

Alhaji ya kaɗe riga ya fita. Mu'awiya ya bi shi, ya kuma ɗauke ƙafa daga gidan.

Ba wai Namadi ba ya tsoro ba ne. Duk sanda ya yi alwala ya ga ruwan da ya furzar ya yi ja, sai ya yi maza ya rufe shi da ƙasa. Bayan la'asar yakan daɗe a kan buzu bai tashi ba. Bai taɓa tambayar Ubangijinsa don me aka zaɓe shi ba. Abin da yake roƙo guda ne: kada tsoro ya yi ciniki a madadinsa.

Ya sayar da bijiminsa na huɗa don magani. Da ruwan shuka ya sauka, ya dogara sanda ya nufi gona, Habsu na biye da ƙwaryar iri tana faɗa.

"Malam, don Allah ka koma gida. So kake a ɗauko ka?"

"In an ɗauko ni daga gona ai ba abin kunya ba ne."

Rana ta uku kuwa aka ɗauko shi a sume. Gari ya ɗauka cewa ciwon ya taɓa masa kai. Amma da ya farfaɗo, Habsu ta gaya masa cewa matan unguwa, yawancinsu waɗanda suka binne yara waccan shekarar, sun fita gayya sun ƙarasa shukar. Jatau makiyayi ma ya kawo shanunsa don huɗa, bai karɓi komai ba.

Gero na fitar da kai aka mayar da shi Sakkwato, jininsa ya yi ƙasa sosai. Aka nemi mai bayarwa. Sai ga Mu'awiya, fuska a murtuke, ya naɗe hannun riga.

"Har yanzu ina ganin wauta ka yi, Yaya," ya ce bayan an gama.

"Ka ci gaba da gani. Na gode da jinin."

Likita ya duba takardun gwaji bai ɓoye masa ba: ciwon bai ja baya yadda aka so ba. Za a sake wani zagayen magani mai ƙarfi, kuma ya rubuta ranar dawowa. Namadi ya sa aka karanta masa, ya ƙirga da yatsu, ya girgiza kai.

"Wannan makon girbi ne. Matso da ita gaba, ko ka ja ta baya, duk wanda ya fi maka. Zan zo, ba na fashi. Amma geron nan da idona zan ga an ɗaure shi."

Likita ya dube shi, ya soke ranar, ya rubuta wata.