Jinin da Aka Sa a Ƙanƙara

Tun da na fara aiki a ɗakin gwajin jini ban taɓa ganin mutumin da zama ya gagara kamar wani mai sayar da ƙanƙara ba. Da safe ya shigo da kular ƙanƙara a kafaɗa, ya dire ta a kan teburina, ya hau kaiwa da komowa.

Matarsa ce kwance a wani asibiti can ƙarshen gari, kwana shida ƙwayar cuta ta kama mata huhu, numfashi sai da taimakon na'ura. Likitanta yana son sanin halin da wasu ƙwayoyin jininta suke ciki, waɗanda muke kira makasa. Aikinsu su bi jiki suna duba ƙwayoyin halitta, duk wadda cuta ta shige ta ɓoye alamarta su kashe ta nan take. Idan ciwo ya tsananta sukan ragu, su gaji. Sai likitan ya san ko suna aiki kafin ya sauya magani, kayan gwajin kuwa mu kaɗai muke da su.

Na buɗe kular. Kwalbar jinin tana tsakiyar ƙanƙara, ta daskare kamar dutse.

"Malam, wa ya ce ka sa a ƙanƙara?"

"Ba kowa, Malama. Nas ta ce in kula da shi. Ni kuwa shekara ashirin ina wannan sana'a, duk abin da nake tsoron ya lalace, ƙanƙara nake sa masa."

Na ɗaga kwalbar na nuna masa. "Ƙwayoyin jinin da ransu nake son su, sanyin ya kashe su. Sai an sake ɗiba."

"A hannunta? Jijiyar ma da ƙyar aka samu." Ya kalle ni, ya kalli ƙofa, ya fice da gudu ya bar kular.

Ni ma zama ya gagare ni. Na goge tebur sau uku, na leƙa taga ya fi sau goma, ina ta jin haushin nas ɗin da ba ta yi masa bayani ba.

Bayan awa biyu ya dawo, sabuwar kwalba ƙulle cikin ɗankwalin matarsa, ya riƙo bakin ɗankwalin da yatsa biyu.

"Hannuna sanyi gare shi," in ji shi. "Ban taɓa kwalbar ba."

Gwajin ya kai mu la'asar, yana tsaye. Na fito na ce masa, "Makasan kaɗan ne, kuma sun gaji. Amma suna ta yaƙi."

"Suna da rai ke nan?"

"Suna da rai."

Sai a lokacin ya sauke kular ƙasa ya zauna a kanta, ya kifa fuskarsa cikin ɗankwalin.