Bututun Aletta Ya Ƙi Yin Shiru

Ogan ɗin cocinmu, wato babban abin kiɗan nan mai bututun iska, a keken shanu aka jawo shi daga bakin teku, tun zamanin kakanninmu. Bututunsa sun haura ɗari shida, babban ya fi ƙofar coci tsawo, ƙaramin bai wuce ɗan yatsana ba. Al'adarmu, duk wanda ya ba da tunkiya don gyaransa, sai a kankara sunansa a jikin bututu guda.

Shekarar da aka yi fari katakonsa ya bushe, duk da kwanonin ruwan da muke ajiyewa a cikinsa. Ran Alhamis Gesina, mai kaɗa mana shi, ta kunna iska, sai wani bututu ya kama kuka shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi. Uuuu, ba tsayawa.

Ga shi ran Lahadi bayan sujada dattawa za su yanke ko a sayar da ogan a sayo na lantarki. Shugabansu, Oom Stoffel, wato Kawu Stoffel a yarenmu, dalilin sayarwa kawai yake nema. Gesina kuwa, in ka raba ta da bencin ogan ɗin nan ka gama da ita.

Ta kasa zama. Ta hau, ta sauko, ta ƙara ruwa, ta daddanna. Ni ina biye da ita, kada wani abu ya wuce ni.

"Cire shi mana, ki cusa tsumma a ramin," na ce.

"Tannie Mieta, leƙa ki ga sunan," ta ce. Tannie a wurinmu kamar Gwaggo ne.

Na leƙa. Aletta, marigayiya matar Stoffel. Bututun a sahun gaba yake kuma, daidai inda tsohon ke kafa ido kowace Lahadi.

"To fa! Kin cire ya gani, kin shiga uku. Kin bari ya ji, kin shiga uku."

"Na gode, Tannie. Ba ki da girki ne a gida?"

Ran Lahadi Gesina, 'yar banza, ta yi dabara. Ta watsar da waƙoƙin da Fasto ya zaɓa, ta kawo waɗanda suka dace da muryar bututun, ana gama kowace ta kashe iska da sauri. Fasto sai zufa yake yana juya littafi. Ni kaina na kasa zama, sai waige nake.

A waƙar ƙarshe hannun Gesina ya makara wajen kashe iska. Muka ce amin, Aletta ba ta ce ba. Ta yi ta ja har zugazugin ogan ɗin ya sace.

Stoffel ya miƙe da sandarsa, ya ɗaga kai.

"Gesina, nata ne ko?"

"Nata ne, Oom."

"Na sani. Tana da rai ma ba ta taɓa bari ni na rufe magana ba."

Taron dattawa bai ɗau lokaci ba. Ina jera kofunan kofi a bakin ƙofa, ba da niyya ba, na ji Stoffel ya ce shi ba ya sayar da matarsa ga mutanen birni.

Gesina ta ce za ta kira mai gyara. Ya ce ba gaggawa.