Igiyar Wandon Enos Ebersol

Kwaɗayi laifi ne, amma ƙarami. Babban shi ne tsoho ya cika wa jama'a kunne cewa ya fi ƙarfin cikinsa, sa'an nan ya ɗauka mutanen da suka san kakansa ba za su gane shi ba. Mu masu farin gemu mun fi yara iya wannan wauta, don mun daɗe muna koyonta. Enos Ebersol kuwa ya fi mu duka.

Likita ne ya ce masa ciwon suga ya kama shi. Matarsa Savilla, wadda ke gasa kek ɗin madi tana kaiwa kasuwar Juma'a tun kafin su aurar da 'yarsu ta fari, ta dube shi ta ce, "In ba za ka ci ba, ni ma na bari." Ta kuwa bari. Hannunta cikin madi tun asuba, amma ko yatsa ba ta lasa. Duk ɗan Amish, wato jama'armu ta manoma 'yan coci masu gudun kayan zamani, da ya tashi yana karya kumallo da kek da kofi ya san girman abin da matar nan ta haƙura da shi saboda mijinta.

Enos ya rame har wando ya yi masa yawa. Bakinsa ne kawai bai rame ba. A wurin ibada, a gidan biki, a gayyar ɗaga rumbu, maganar ke nan: "Ni tun da na ce na bari, ko kallon sukari ban ƙara yi ba. Ku samarin yanzu, a hana ku abu ɗaya sai ku kwanta ciwo." Samari su sunkuyar da kai, mu tsofaffi mu gyaɗa namu, alhali kowannenmu da alewa a aljihu.

Wata Juma'a cikin kaka, yana tsaye a rumfar matarsa yana naɗe wa masu saye kek. Kasuwa ta cika, ƙamshin nama mai hayaƙi da cuku da kokwamba mai tsami ya gauraye ko'ina. Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya hana shi sakat yana tasowa ne daga can ƙarshen kasuwa, inda mutanen kwarin bayan dutse suke soya fanken tuffa suna barbaɗa masa kirfa da sukari. Enos ya haɗiyi yawu har gemunsa ya motsa.

Sai ga wata 'yar Ingilishi, kamar yadda muke kiran duk wanda ba namu ba, da tabarau a ka da jaka cike da kaya.

"Ba kai ka sayar mini da cuku ɗazu ba?"

"Ba ni ba ne."

"Kai, ku yi haƙuri! Duk kamarku ɗaya. Malafa ɗaya, gemu ɗaya, baƙin wando ɗaya. Ni ko mijina ne a cikinku ba zan gane shi ba."

Ta yi dariya ta wuce. Enos bai yi dariya ba. Shekara saba'in yana jin baƙi suna faɗin haka bai taɓa ɗauka da muhimmanci ba, sai ran nan da cikinsa ke neman hujja.

"Savilla, bari in duba dokin nan, ko yana son ruwa."

"Ka ba shi ɗazu."

"Rana ta yi zafi."

Ya zaga bayan kekunan doki. Mu nan igiya biyu ke riƙe mana wando ta kafaɗu. Mutanen kwarin bayan dutse kuwa guda ɗaya cocinsu ya yarje musu, suna ganin ta biyun ado ce. Enos ya sauke igiyar hagu, ya cusa ta cikin wando, ya danno malafa har gira, ya shiga ta ɗaya ƙofar kasuwar yana tafiyar baƙo.

Mai suyar mace ce kakkaura, Fronie Peachey, fuskarta jawur don zafin mai.

"Sannu, Baba. Nawa za a zuba?"

"Huɗu. A'a, shida. Na jikoki ne."

"Allah ya raya jikoki. Baba, daga kwarinmu kake? Ban waye ka ba."

"Daga can ƙarshe-ƙarshe, 'yata."

"Ɗan wane gida?"

Ya manta cewa a cikinmu ba a sayar wa mutum ko albasa sai an gano inda aka haɗa kaka da shi.

"Gidan Kanagy," ya ce.

"Kanagy! Ai uwata 'yar gidan ce. Na marigayi Yost mai injin katako, ko na Yost gurgu?"

"Mai katakon."

"Ikon Allah! Shi da ya haifi mata tara ba namiji ko ɗaya. Ashe kai ne suka ɓoye a rumbu." Ta miƙa masa faranti, ta haɗa masa da kofi. "Muryar nan kuwa, Baba, kamar wadda ta hana mu shan shayi da daɗi a bikin ƙanwata bara. Sa'an nan igiyarka guda ta leƙo ta baya kamar wutsiyar maraƙi."

Mai hankali a nan zai ajiye faranti ya nemi ƙofa. Enos dai ƙamshi ya riga ya shiga kansa. Ya kai baki ya gatsa ɗaya tun daga kan farantin, ya lumshe ido, sukari ya zubo masa a gemu.

"La! Ga mijinki can!"

'Yar Ingilishin ce. Ta yi ta yawo ba ta gano rumfar fanke ba, Savilla ta bar wa maƙwabciya jiran kaya ta rako ta da kanta. Matar da ta rantse ba ta iya bambanta mu, ita ce ta nuna shi da yatsa daga nesa, tana murna ta yi fasaha.

Enos ya miƙe zumbur, ya shanye ciki. Wandon da aka ɗinka wa mai tumbi, aka kuma bar shi da igiya guda, ya karkace ta hagu ya kama hanyar ƙasa. Faranti a dama, kofi a hagu. Abin da aka riƙa ba da labarinsa daga baya ba zamewar wandon ba ce, wannan yana iya samun kowa. Tsayawar da ya yi ce yana duban wando yana duban fanke, yana shawarar wanda zai ceta. Da ya yanke hukunci lokaci ya ƙure, bai ceci ko ɗaya ba.

Savilla ba ta ɗaga murya ba. Matanmu ba sa yi, kuma da sun yi da ya fi sauƙi.

"Ja wandonka, maigida."

"Savilla, dama na jikoki..."

"Na gani. Ga rabonsu nan a gemunka. Dokin ya ƙoshi?"

"Ya ƙoshi."

"Madalla. Fronie, zuba mini biyu, masu zafi. Ki ƙara sukari."

Ta tsaya a gabansa ta cinye su tas, ta lashe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, jama'a na kallo.

Washegari da safe ta yanka wa kanta kek, ta tura masa kunun hatsi ba zaƙi. Ya dubi kwanonsa ya ce, "Ai ni na saya wa kaina wannan." Ta ce ba ta musa ba.

Ga abin da ya yi asara. Fanke shida, gatsa ɗaya ya samu, sauran sun bi ƙasa tare da kofin. Ya rasa abokiyar haƙuri, yanzu shi kaɗai yake yi, yana jin ƙarar cokalinta. Ya rasa yawon kasuwa, don Savilla ta ajiye masa kujera a bayan rumfa inda idonta ke kansa, ko doki ne zai sha ruwa ita ke zuwa. Ya rasa bakin yi wa samari faɗa, da ya fara sai wani ya taɓa tasa kafaɗar ta hagu, wurin igiya. Ya rasa sunan ubansa ma, domin daga nan har bayan dutse ba mai cewa Enos Ebersol, sai Enos Mai Igiya Guda.