Katakon da Na Rufe da Tamfol

Ni na ɓata rabin katakon da muka yanka don rumfar tarakta, kuma sati uku cur na zuba ido ana ɗora wa Kawu laifin. Ban taɓa jin nauyin faɗar abin da na iya ba, to wannan ma bari in faɗe shi yadda ya faru.

Da na gama karatun injinan noma na dawo gida, na ce a gonar Baba zan yi aiki. Dangi suka yi ta surutu, wai mace da takarda a hannu ta ƙare a bayan garma. Na toshe kunnena. Ƙaramar taraktarmu shekara huɗu tana kwana a waje, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, tsatsa har ta fara cin ƙasan kujerarta. Ni na matsa wa Baba sai an yi mata rumfa, ni na zana ta a takarda: ɗaki uku, ɗaya na tarakta, ɗaya na garma, ɗaya na tirelar da tarakta take ja. Baba ya ce ba zai sayi katako ba alhali yana da bishiya goma sha ɗaya a bakin gona, waɗanda ya shuka da hannunsa tun ina goye.

Kawu, ƙanin Inna, kafinta ne, yana da injin yankan katako mai taya da yake ja gona-gona. Kwana tara shi da Baba suna yanka, ni ina awo ina rubutawa. Da aka gama, Kawu ya jera katakon a bayan gida a kan duwatsu, ya sa siraran sanduna tsakanin kowane layi, ya ɗora tsohon kwano a sama, ya bar gefe huɗu a buɗe.

"Kawu, haka za a bar shi? Ruwa fa ya kusa," na ce.

"Haka za a bar shi, Injiniya. Ɗanyen katako iska yake so. Ba a koya muku wannan ba, ko ranar kina gyangyaɗi?"

"An koya mana cewa ruwa yana ruɓar da itace."

"To, an koya muku rabi. Kada ki taɓa shi."

Ya ja injinsa ya tafi wani aiki mai nisa. Bayan kwana biyu Baba da Inna suka tafi asibitin birni, za a cire masa yana a ido biyu, ɗaya bayan ɗaya. Aka bar mini gida da gona.

Ruwan farko da iska ya zo, ya jiƙa gefen katakon sharkaf. Na tsaya ina kallo raina yana tafasa, ina cewa ga abin da na faɗa. Da ruwan ya ɗauke na sauke kwanon, na ɗauko babban tamfol ɗin da muke shanya hatsi, na lulluɓe katakon tun daga sama har ƙasa, na ɗaure da igiya, na danne gefensa da duwatsu yadda ko ƙadangare ba zai shiga ba. Na koma gefe ina yaba aikina.

Sati biyar yana haka. Ana gobe su Baba za su dawo na kwance igiyar. Wani zafi ya bugi fuskata kamar an buɗe tukunya, sai wari ya biyo baya. Katakon ya yi gumi a ciki, fumfuna ta yi masa baƙi ƙirin. Na ƙasa, da na danna da farce, sai farcen ya shige. Dogayen da Baba ya ware don ɗaukar rufi, wasu sun murɗe kamar igiya.

Sannan na naɗe tamfol ɗin na tura shi can ƙarƙashin buhuna, na watsar da duwatsun, na mayar da kwanon daidai yadda Kawu ya ajiye shi. Rufewar kuskure ce. Wannan kuwa da idona biyu na yi shi.

Baba ya dawo da baƙin tabarau, yana gani dishi-dishi, likita ya hana shi ƙura da ɓacin rai. Ko ruwa bai sha ba ya ce in kai shi bayan gida. Tun kafin mu isa ya tsaya, ya shaƙi iska. Ya shafa katako ɗaya, ya shafa na biyu, ya murza yatsunsa.

"Kin taɓa shi?"

"Yadda Kawu ya bar shi, haka yake," na ce.

Aka kira Kawu. Ya zo da yamma da fara'arsa, yana tsokanar Baba wai ya zama ɗan gayu da tabarau. Baba bai yi dariya ba.

"Shekara ashirin da wani abu ina rainon itatuwan nan," in ji Baba. "Na ba ka su don kai na gida ne. Ka jera mini su kamar mai jera itacen girki, ka kama gabanka. In ba ka iya ba, ai sai ka ce ba ka iya ba."

Kawu ya zagaya katakon a hankali. Ya durƙusa ya duba ƙasa. Ciyawar da ke kewaye ta mutu ta yi fari, layi ɗaya miƙaƙƙe, daidai inda gefen tamfol ya kwanta. Ya ɗago ya dube ni. Na dube shi ido cikin ido, don ni ba a saba ganin na sunkuyar da kai ba.

"A yi haƙuri, Yaya," ya ce wa Baba. "Za a ga abin da za a iya tsira da shi."

Washegari muka fara. Muka baje katakon ɗaya bayan ɗaya a rana, muka ware mai rai da matacce. Wanda fumfuna ta tsaya a bayansa, a kankare shi. Wanda bakinsa ya ruɓe, a yanke da zarto, a haɗa gajere da gajere. Na ɗauki kankarar a kaina. Tun rana ba ta yi zafi ba nake farawa, baƙar ƙura tana shiga hancina, tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe, ya sake yi ya sake fashewa. Na naɗe shi da tsumma na ci gaba. Ni na haƙa ramin ginshiƙai shida, ni nake hawa tsani da katako a kafaɗa. Masu wucewa suna tsayawa kallo. Wata maƙwabciya ta ce, "'Yar boko, in kin gama ki zo ki gyara mini ɗakin kaji." Na ce ta kawo kajin su riƙe mini ƙusa.

A raina ina ganin kowane ciwo biyan laifi ne. Amma Kawu nake yi wa laifi, kuma ciwon hannuna bai ƙara masa komai ba.

Baba ya daina cin abinci tare da shi. In zai yi masa magana sai ya bi ta kaina: "Gaya wa kafintan naku ginshiƙin can ya karkace." Inna tana tsakanin miji da ƙane, ta rasa inda za ta sa kanta. Na ji ta wata rana a bakin rijiya tana ce wa Kawu, "Kai ma dai, ka ja mini magana a gidan nan da furfurata." Ya ce, "Ki yi haƙuri, Yaya," ya ci gaba da wanke hannunsa. Sai kuma labari ya fita. Duk wanda ya zo duba idon Baba, sai ya tafi da zancen katako. Maƙwabcinmu mai shanu, wanda ya riga ya yi magana da Kawu zai yanka masa itace, ya aiko cewa ya fasa.

Katakon bai kai ɗaki uku ba. Kawu ya karɓi takardata, ya ja layi da fensir a kan na ukun.

Ranar da muke buga kwano, muna sama mu biyu, na kasa haƙuri.

"Kawu, ka sani, ko?"

"Miƙo ƙusa."

Na miƙa. Ya buga uku kafin ya yi magana.

"Ciyawa ba ta iya ƙarya, Injiniya."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Mutum ya fito daga hannun likita, an ce kada ransa ya ɓaci. Da ni da ke, wa zai fi yi masa ciwo? Ni surukinsa ne, dama tun da ya auri yayata yake neman laifina, yanzu ya samu ya huta." Ya yi ɗan murmushi, sannan murmushin ya tafi. "Amma kada ki ɗauka ba ya mini zafi. Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa ruɓar wa mutum da katako ba. Ni dai ba zan faɗa ba. Ba maganata ba ce."

"Zan faɗa," na ce.

"Uhm. Riƙe nan, kada iska ta ɗaga shi."

Ban faɗa ba ranar. Ban faɗa ba washegari. Kullum sai in ce bari idon Baba ya ƙara warkewa, alhali na san ba idonsa nake tausayi ba.

Ranar da aka gama, ni na tuƙa taraktar na shigar da ita, aka tura garma ɗaki na biyu, tirela ta tsaya a waje. Mai shanu ya zo kallo. Kawu yana can gefe yana ɗaure kayan aikinsa a babur. Baba ya dafa ginshiƙi ya girgiza shi, bai motsa ba.

"Ka gani?" ya ce wa mai shanu, da ƙarfi yadda Kawu zai ji. "Masu cewa karatun mace asara ne su zo su gani. Da ba don yarinyar nan ba, da ko ɗakin akuya ba mu samu ba daga ɓarnar da aka yi mana."

Ban san lokacin da na kashe injin ba. Na sauko.

"Baba, ni ce. Ni na rufe katakon da tamfol bayan kun tafi. Kawu ya ce kada in taɓa, na taɓa. Da na ga ya lalace na ɓoye tamfol ɗin."

Mai shanu ya fara duban takalminsa. Baba ya juyo gaba ɗaya.

"Sati nawa?"

"Biyar yana rufe."

"Ba rufewar nake tambaya ba."

"Uku," na ce.

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya cire tabaransa, ya taka a hankali har inda Kawu yake, yana laluben ƙasa da ƙafa. Mutumin da ban taɓa jin ya ba wani haƙuri ba, ya tsaya gaban ƙanin matarsa hannu biyu a haɗe.

"Na ci mutuncinka a kan abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini."

"Haba Yaya, mayar da tabaran, rana za ta taɓa idon," in ji Kawu. "Ya wuce."

"Bai wuce ba." Baba ya juyo wajena. "Bayan mai shanun nan da yake tsaye, gida huɗu maganar ta je daga bakina. Gidan mai injin niƙa, gidan malamin makaranta, gidan direba, da gidan gwaggonki. Ke za ki je ki kwaso ta."

"Yanzu?"

"Da wani aikin ne a gabanki?"

Na tafi a yadda nake, da tsumma a hannu da ƙurar katako a gira. Mai injin niƙa sai da ya kashe injinsa ya sa na maimaita, wai bai ji ba, mata suna layi suna saurare. Malamin makaranta ya yi mini nasiha ta kusan awa ɗaya, na tsaya na shanye. Direba ba ya nan, na faɗa wa matarsa, na koma washegari na faɗa masa da kansa. Gwaggo kuwa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce dama tana jiran ranar da takarda za ta kayar da ni. Na ce mata ba takarda ba ce, ni ce.

Mai shanu ya kira Kawu a satin. Direba ma ya kira shi daga baya. Amma akwai wani mai gona a can ƙetaren rafi da ya ji labarin a bakin da ban sani ba, ya ɗauko wani mai inji daga nesa. Sau biyu ina zuwa gidansa ba na samunsa. Jibi zan koma.